Ku Tambayi Likita: Sake Gina Nono da Naman Jikin Mace Bayan Tiyatar Kansa

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda: matar da aka cire wa nono saboda kansa, kuma ta ji cewa ana iya gina mata wani da naman jikinta, ba tare da an sa mata robar silikon ba. Mun zaɓi shida daga ciki, mun sakaya sunayen masu su.

Assalamu alaikum likita. Shekarata 41, an cire mini nonon hagu shekara biyu da suka wuce, na gama kemo da gashi, wato gasa wurin da hasken na'ura da ake yi a asibiti. Na ji ana yanko nama daga ciki a yi sabon nono. Gaskiya ne? Haihuwata biyar, biyu daga ciki da tiyata aka ciro su. Zan iya? (Daga Zariya)

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya. Gaskiya ne, kuma aikin ba sabo ba ne. Abin da ake ɗauka shi ne fata da kitsen da ke tsakanin cibiya da mara, wato daidai wurin da haihuwa kan bar wa mace saki. Sai dai nama ba ƙyalle ba ne da za a yanka a liƙa. Dole ya tafi da hanyar jininsa, kuma a nan ne hanyoyin aikin suka rabu.

Hanya ta farko ana ce mata TRAM. Wani likita a birnin Atlanta na Amurka, Carl Hartrampf, ya fito da ita a 1982. Ana ɗaga fata da kitsen tare da ɗaya daga cikin tsokoki biyu da suka miƙe daga haƙarƙari zuwa mara, a bar tsokar a maƙale daga sama, a zuro naman ta ƙarƙashin fata har zuwa ƙirji. Ba a yanke jijiyar jinin da ke ciyar da naman daga sama, saboda haka ba a bukatar ɗinki a ƙarƙashin madubin likita. Kuɗin da aka biya shi ne tsokar ciki: an raunana bangon ciki, sau da yawa sai an shimfiɗa raga a ɗinke.

Ta biyu ita ce DIEP, wadda aka fara yi wa nono a farkon shekarun 1990. A nan ba a ɗauke tsokar. Likita yana tsaga ta a hankali, yana bin ƙananan jijiyoyin jini da suka huda ta suka fito cikin kitse, har ya kai ga uwarsu a gefen mara. Sai ya yanke naman gaba ɗaya ya raba shi da jiki, ya kai shi ƙirji, ya haɗa jijiyoyinsa da waɗanda ke bayan haƙarƙari kusa da ƙashin ƙirji. Sau da yawa sai an cire ɗan guntun guringuntsin haƙarƙari na uku kafin a kai gare su. Faɗin waɗannan jijiyoyi milimita 2 zuwa 3 ne, bai wuce tsinken ashana ba, zaren ɗinkin kuma ya fi gashin kai siranta. Aikin gefe ɗaya kan ci awa 6 zuwa 8, a kwana 3 zuwa 5 a asibiti in komai ya tafi daidai.

Ta uku daga gadon baya ake ɗaukowa. Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka a ƙasan allon kafaɗa, ana juyo ta da fatarta ta ƙarƙashin hamata zuwa gaba. Wani likitan Italiya, Tansini, ya bayyana ta tun 1906. Tana da wuyar mutuwa, aikin kuma ya fi gajarta, kamar awa 3 zuwa 4. Matsalarta ba ta da auki: in nononki na dama babba ne, ba za ta kamo shi ba sai an ƙara roba a ƙarƙashinta ko an yi allurar kitse daga baya. Ga siririyar mace da ba ta da tumbi, ana iya ɗaukowa daga cinya ko mazaunai.

Tiyatar haihuwa da aka yanka a kwance a ƙasan mara ba ta cika hana DIEP ba. Wadda aka yanka a tsaye daga cibiya zuwa ƙasa kan raba naman biyu, don jini ba ya tsallaka tabon da kyau, sai dai a yi amfani da rabi ko a haɗa jijiyoyin kowane ɓangare daban. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar rage tumbi kuwa, wannan ƙofar ta rufe mata, domin an riga an yanke jijiyoyin da ake nema. Kafin a sa miki rana za a ɗauki hoton CT na jijiyoyin ciki, shi ne zai raba gardama.

Abu ɗaya da ke gefenki: kin sha gashi. Fatar da aka gasa takan yi tauri, jininta ya ragu, in aka sa roba a ƙarƙashinta takan ƙanƙance ta matse robar, wani lokaci ma ta fashe. Naman jiki yana zuwa da sabon jini da sabuwar fata, shi ya sa ga irinku shi muka fi so. Ana jiran wata 6 zuwa 12 bayan gama gashi, ke kuwa kin wuce nan.

Likita, matata ce take son a yi mata wannan aikin, ni kuma gabana yana faɗuwa. An ce naman yana iya ruɓewa. Ku faɗa mini gaskiya, kada ku ɓoye mini. (Daga Katsina)

Malam, ba za mu ɓoye maka ba. Akwai bambanci tsakanin a samu matsala da aikin ya lalace gaba ɗaya, kuma a wannan tiyatar na farkon yana da yawa, na biyun kaɗan ne.

An bi mata 2,343 a cibiyoyi 11 na Amurka da Kanada har shekara biyu bayan aiki, aka fitar da sakamakon a 2018. Kusan ɗaya cikin uku ta samu wata matsala, babba ko ƙarama. A cikin waɗanda aka yi wa DIEP, adadin ya kusa rabi, alhali masu roba sun tsaya tsakanin kashi 26 da 31 cikin 100. Amma da aka duba waɗanda aikin ya rushe musu kwata-kwata, DIEP kashi 1.3 ne, roba kuwa kashi 7.1. Matan da aka yi wa da naman jikinsu kuma su suka fi nuna gamsuwa da nonon bayan shekara biyu. Wato wahalar tana gaba, jin daɗin yana baya. Ka lura fa, waɗannan alkaluman manyan cibiyoyi ne da ke yin aikin kowane mako, ba za a ɗora su a kan asibitin da ke yin guda biyu a shekara ba.

Ruɓewar da kake tsoro daga daskarewar jini take zuwa, a daidai wurin da aka haɗa jijiyoyin. In jijiyar da ke kawo jini ce ta toshe, naman zai yi sanyi, ya koɗe, ya saki. In mai mayar da jini ce, kuma ita ta fi yawan toshewa, zai kumbura, ya yi tauri, ya yi duhu. Galibi hakan na faruwa cikin kwana 2 zuwa 3 na farko. Shi ya sa a daren farko ma'aikaciyar jinya take zuwa kowace awa, ta taɓa ta ji ɗumi, ta danna da yatsa ta ga yadda jini ke dawowa, ta ɗora wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami ta saurari bugun jijiyar, fut, fut, fut. In aka gano toshewar da wuri aka koma ɗakin tiyata a cikin 'yan awoyi, sau da yawa ana ceto naman. In aka bari gari ya waye, sai dai a cire.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Littattafan koyarwa suna cewa a duba ko naman ya yi fari ko shuɗi, wannan kuwa a farar fata ake ganinsa ƙarara. A baƙar fata canjin launi yana ɓuya. Dole a dogara da na'urar sauraro, da ɗumi, da taurin naman, in ana shakka kuma a ɗan soka allura a ga jinin da zai fito: ja mai haske a hankali lafiya ce, baƙi mai gaggawar fita alamar cunkoso ce, rashin fitarsa kuma ya fi muni. Saboda haka kada ka tsaya ga tambayar ƙwarewar likita kawai. Ka tambaya: aikin nawa irin wannan kuke yi a shekara, nawa suka lalace? Wa zai duba ta da ƙarfe 3 na dare, kuma sau nawa? In aka bukaci komawa tiyata a lokacin, akwai likitan barci da jini da wuta? Asibitin da bai iya amsa waɗannan ba, gara a yi mata na gadon baya ko TRAM a hannun wanda ya saba, da a yi mata DIEP a inda babu mai gadinsa.

Sauran matsalolin sun fi yawa amma ba su kai wannan tsanani ba. Wani ɓangare na kitsen da jini bai isa gare shi sosai ba yakan mutu ya dunƙule ya yi tauri kamar ƙwallon goruba. Wannan kan sami kusan mace ɗaya cikin goma, a wasu wuraren fiye da haka. Ɗinkin ciki yakan buɗe a tsakiya inda ya fi ɗaurewa, a yi makonni ana wanki. Ruwa yakan taru a inda aka ɗauko naman, musamman a gadon baya, a riƙa zuƙe shi da sirinji. Bangon ciki yakan saki ya yi tudu, wani lokaci har ya zama ƙaba, kuma TRAM ta fi DIEP jawo hakan. Wanda ke kisa, ko da yake ba kasafai ba, shi ne gudan jini da ke daskarewa a ƙafa ya ɓalle ya tafi huhu. Maganinsa allurar tsinka jini, da safa mai matse ƙafa, da tayar da ita ta taka tun washegari ko da tana kuka da ku.

In ta dawo gida da robobin tsane ruwa a jikinta, a riƙa juye su ana rubuta yawan abin da ya fito. Ana cire kowace idan ta koma ƙasa da mililita 30 a awa 24, yawanci cikin mako 1 zuwa 3. Za ta yi mako guda ko biyu tana tafiya a ɗan duƙe. Har mako 6 ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 ko 5: ba bokitin ruwa, ba daka, ba goyo. Salla a zaune, domin miƙewa sosai yana jan ɗinkin ciki, sujada kuma tana danne sabon nonon. Wannan hidimar ta makonni shida, Malam, a wuyanka take, ka tanadi wadda za ta zauna da ita tun kafin a sa rana.

Ina da ciwon suga, ina da jiki, kuma ko huda kunne na yi sai tabon ya taso. Ni ma za a iya yi mini? (Daga Maraɗi)

'Yar'uwa, kowanne da hukuncinsa. Suga ba ya hanawa in an riƙe shi. Za a duba gwajin da ke nuna matsakaicinsa na wata uku, in ya yi sama a ɗage aikin, domin suga mai yawa yana hana rauni haɗewa kuma yana gayyatar ƙwayoyin cuta. Ƙiba tana ba da naman da ake nema, amma tana ƙara buɗewar ɗinki da mutuwar kitse; da ma'aunin ƙiba (BMI, wanda ake lissafawa daga nauyi da tsawon mutum) ya wuce 30 haɗarin yana hawa, likitoci da yawa kuma sukan dakata in ya kai 35 zuwa 40.

Tabo mai tasowa ya fi samun baƙar fata, tsakiyar ƙirji da gadon baya kuwa suna cikin wuraren da ya fi so. Tabon ciki a wannan aikin daga ƙugu zuwa ƙugu yake, ga wani kewaye da cibiya, don ana huda mata sabuwar ƙofa. Ki nuna wa likitan kunnenki da tabon cire nonon tun ranar farko. In tabon ƙirjin ya kwanta lafiya, alama ce mai kyau. In ya taso, a shirya filastar silikon da allurar da ake yi wa tabo tun da wuri.

Abubuwa uku da ba ki tambaya ba amma ya kamata kowa ta faɗa wa likita: sigari ko shisha ko duk wani abu mai nikotin, wanda ke tsuke ƙananan jijiyoyi kuma dole a bari aƙalla mako 4 zuwa 6 kafin aiki da bayansa, sikila, wadda ke ƙara haɗarin toshewar jijiyar da aka haɗa, da ƙwayar tamoxifen ta maganin kansar nono, wadda wasu likitocin kan dakatar na 'yan makonni saboda daskarewar jini. Kada ki dakatar da ita da kanki.

Shekarata 33, haihuwata ɗaya. In an yi mini, zai zama kamar na da? Zan iya ƙara haihuwa in shayar? (Daga Kumasi)

A cikin riga ba mai ganewa. A hannu yana da laushi da ɗumi, yana motsi, in kin yi ƙiba ya ƙaru, in kin rame ya ragu, yana kuma sauka da shekaru kamar ɗan'uwansa. Wannan ne fifikonsa a kan roba, wadda ke tsaye cak yayin da ɗayan yake zubewa. Amma fatar ciki ce: in tana da nankarwa za ta taho da ita, launinta kuma yana iya bambanta kaɗan da na ƙirji. Aikin farko ba ya kawo kan nono. Bayan wata 3 zuwa 6 ake komawa a daidaita girma, a cike rami da allurar kitse, a ɗaga ko a rage ɗayan, a naɗe fata a yi kan nono, daga baya a zana baƙin da ke kewaye da shi.

Ji kuwa ba ya dawowa kamar da. Wasu sukan fara jin taɓi daga gefe bayan shekara guda ko biyu, wasu ba sa ji sam. Wannan ba maganar sha'awa kaɗai ba ce, maganar ƙuna ce. Naman da ba ya jin zafi ba ya gargaɗi. Mace ta sunkuya kan tukunyar tuwo tururi yana dukan ƙirjinta, ko ta sa kaskon turaren wuta a ƙarƙashin zane, ko ta ɗora tsumman ruwan zafi don gasa wurin, sai ta cire riga ta ga fata ta saluɓe ba ta san lokacin ba. Mai wannan nonon ba ta gasa shi, ruwan wanka kuma ta gwada da hannu tukuna. In Allah Ya ba ki haihuwa, ki gaya wa masu yi miki wankan jego tun kafin su ɗora ruwa.

Haihuwa tana yiwuwa bayan DIEP, har bayan TRAM ma an samu. Yawanci ana cewa a jira shekara guda bangon ciki ya yi ƙwari, kuma likitan cutar kansa ne zai faɗi lokacin da ya dace da maganin da kike sha. Sabon nonon ba shi da hanyoyin ruwan nono, da ɗayan za ki shayar, kuma guda ɗaya yana iya ƙosar da jariri. Ki sani ana ɗaukar naman ciki sau ɗaya ne tak a rayuwa. In akwai yiwuwar a cire ɗayan nonon nan gaba saboda gadon cutar a danginku, a yi wannan lissafin kafin a yanka.

Wannan ba canja halittar Allah ba ne? (Daga Sakkwato)

Mu likitoci ne, fatawa ta malamai ce, amma ga abin da suka faɗa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar gyara aibin da cuta ko ƙuna ko haɗari ya jawo, kuma ta ambaci sake gina nonon da aka cire a cikin misalanta. Malamai sukan kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya.

Nawa ake kashewa? 'Yan'uwa sun haɗa mana kuɗi, muna tunanin Indiya ko Masar. Mahaifiyarmu ce, ba ta fara kemo ba tukuna. (Daga Kano)

Allah Ya saka muku da alheri, amma ku saurara da kyau: kada ko sisi na kuɗin maganin kansa ya tafi gina nono. Yawancin matanmu suna isa asibiti cutar ta riga ta yi nisa, suna bukatar kemo da gashi, wasu kuma allurar trastuzumab ta shekara guda, wadda tsadarta kan karya gida. Gina nono yana jira. Ana yin sa bayan shekara biyu ko goma ya yi kyau. Kansa ba ta jira. Haka nan in aka yi aikin tare da cirewa, rauni ya ƙi haɗewa, kemo zai makara. Ku fara da likitan cutar kansa. A Najeriya akwai asusun tallafa wa masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 don kansar nono da ta bakin mahaifa da ta prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kuma asibitin koyarwa na Shika da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da asibitin koyarwa na Gwambe suna cikin waɗanda aka fara da su. Ku nemi rajista a can.

Farashin gina nono yana bin ƙasa da asibiti da canjin dala, saboda haka ku san abin da ke cikinsa don kada a ba ku rabin lissafi. DIEP ta fi kowace tsada a karon farko: yini guda a ɗakin tiyata, likitoci biyu galibi, madubin tiyata, hoton CT, kwana a sashen kulawa ta musamman, jinin ko-ta-kwana. Na gadon baya da TRAM sun fi sauƙi don ba ɗinkin jijiya. Roba ta fi arha ranar farko, amma ba ta har abada ba ce, sau da yawa akan sake tiyata a canja ta ko a cire, shi ya sa in aka ja lissafin zuwa shekaru tazarar takan ragu. A Amurka aikin yana cin dubban daloli masu yawa, amma wata doka ta 1998 ta tilasta wa inshorar da ta biya cire nono ta biya gina shi, har da daidaita ɗayan. A Ingila asibitin gwamnati yana yi kyauta ga masu haƙƙi. Mai inshora a nan gida ya kai wa kamfaninsa sunan aikin, ya karɓi amsa a rubuce kafin ya dogara da shi.

Duk inda za ku je, ku nemi takardar farashi da ta amsa waɗannan: in an koma tiyata da dare don ceto naman, wa zai biya? In ya mutu, aikin maye gurbinsa yana ciki? Kwana nawa aka lissafa, kuma nawa ne kowane kwanan da ya ƙaru? Aiki na biyu na daidaitawa da kan nono yana ciki, ko wata tafiyar ce? Masu fita waje su ƙara masauki da abincin mai jinya na makonni 3 zuwa 4, domin ba a hawa jirgi mai dogon zango da robar tsane ruwa a jiki da haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Su kuma sami likitan tiyata a gida da ya yarda zai karɓe ta, su dawo da cikakken rahoton aikin, wanda ya faɗi jijiyar da aka haɗa da ko an sa raga.

Gina nono ba ya dawo da cutar kansa, amma duk wani ƙullutu da ya fito a sabon nonon sai an yi masa hoto, in ta kama a ɗebi tsoka a gwada, don mataccen kitse da ƙullutun cutar kansa suna kama da juna a hannu. A sa wannan ma a lissafi. Kafin lokacin, nonon roba da ake sawa a aljihun rigar mama yana daidaita nauyin kafaɗa, yana gyara zaman riga, ana fara sa shi mako 6 zuwa 8 bayan cirewa idan rauni ya warke. Ku tambayi Mama ita kanta abin da take so, ita kaɗai, ba a gaban taro ba. Mata da yawa a shekarunta suna zaɓar wannan su tsaya a nan.